Hakkin ɗan Adam kayan Turawa ne? Muhawara daga zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Alhaji Mai Tumatir (Mile 12): Jama'a, ni fa bikin nan na 10 ga Disamba, Ranar Hakkin Ɗan Adam ta Duniya, bai kwanta min ba. Turawa ne suka zauna a Faris a 1948 suka rubuta abinsu, wato sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin ɗan Adam. Wa ke mulkinmu a lokacin? Ingila. Ba a cika shekara ba aka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Kura ce za ta ce da kare maye?

Barista (Obalende): Alhaji, Allah ya ƙara girma, zancen Inugu gaskiya ne. Amma ba Turawa kaɗai suka rubuta ba. Akwai Charles Malik na Lebanon, akwai Chang na China, kuma Hansa Mehta 'yar Indiya ce ta kafe sai da aka sauya "dukkan maza" zuwa "dukkan 'yan Adam". Ƙasashe 48 suka amince, har da Masar, Habasha, Laberiya da Pakistan. Babu wadda ta ce a'a.

Malam (Idi-Araba): Barista, faɗi sauran mana. Takwas sun ƙi jefa ƙuri'a, har da Saudiyya, wadda ta ƙi saboda batun aure da sauya addini. Kuma mu tun Huɗubar Bankwana aka gaya mana Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa.

Hajiya Mai Abinci (Agege): Allah gafarta Malam, ai Afirka ta Kudu ma tana cikin takwas ɗin, don kar a taɓa mata wariyar launin fata. Ba kowa ne ya ƙi don Allah ba.

Malam: Hajiya, ban haɗa kaina da su ba.

Ɗan Acaba: Ku yi haƙuri manya. Watan jiya aka tare ƙanina da dare, ba laifin fari ba na baƙi, sai don an ji Hausa a bakinsa. Kwana huɗu a tsare, silifas ɗinsa ɗaya muka tsinta a bakin kwata. Sai da muka yi karo-karo ya fito. Ina Faris ɗin take?

Barista: Ƙanina, da ka kira ni. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu kwana biyu. Sashe na 42 ya hana wariyar ƙabila. Alhaji kuma, a nan Legas ɗin lauyoyi suka taru a Janairun 1961 suka nemi Afirka ta yi tata yarjejeniyar hakkin ɗan Adam. Aka amince da ita a Nairobi a 1981, Najeriya ta rattaba amincewarta a 1983. Ita ma Turawa ne?

Alhaji Mai Tumatir: Shekara ashirin kafin a amsa musu! To, na ji. Amma kuɗin karo-karon yaron nan fa, wane sashe ne zai dawo da shi?

Barista: Ya turo min ranar da aka kama shi tukuna.

Alhaji Mai Tumatir: Motata ta iso daga Kano, sai bayan la'asar.