Masu rubuta gonaki sun iso ƙauyenmu, in faɗa musu gaskiya?

Ɗan Gadarif:
Salamu alaikum. Shawara nake nema kafin Alhamis. Ma'aikatan gona sun zo ƙauyenmu, nan yankin Gadarif a Sudan, da wayoyi, suna rubuta sunan manomi, faddan nawa (ma'aunin gona, kusan eka ɗaya), me ya shuka, buhu nawa ya ɗauka bara, har su zagaya iyakar gona wayar na zana ta. Sun ce da haka za a san wa za a ba iri mai saurin nuna, a kuma riƙa turo labarin ruwa. Gonarmu faddan 40 ce, dawa da riɗi, amma 15 Baba ne ya sare daji tun ba a haife ni ba, babu takarda. Ya ce in rubuta 25 in ja bakina. Ni kuwa damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa dawa na fitar da kai, irin nan ina buƙatarsa. Don Allah wanda aka taɓa yi wa rajistar ya faɗa min abin da ya biyo baya.

Hajja ta Mai Wurno:
Ɗana, ka bar irin dawar Wad Ahmad in ruwanku ya gajarta. Nemi Arfa Gadamak, ta fi saurin nuna. Mu ita ta rufa mana asiri.

Kawu Mai Riɗi:
Yaro, bi maganar ubanka. Ni na faɗi gaskiya wata shekara da aka yi albarka, na ce buhu 60. Shekarar da ta biyo ƙuduji ya cinye gonar, ruwa ya tsaya, da ƙyar na haɗa 11. Sai ga masu karɓar haraji da takardar nan tawa, suka ce lissafin 60 suka sani. Na kai su rumbu suka leƙa, ba su sauya ko harafi ba. Awakin uwar 'ya'yana na sayar, har wadda take tatsa wa jikanmu. Irin da aka yi alkawari kuwa ya zo a Agusta, dawar mutane ta kai gwiwa. Har gobe in na ga mutum da takarda a bakin gona gabana faɗuwa yake.

Na Damazin:
Allah ya mayar da alheri, Kawu. Mu kyauta aka yi mana rajistar.

Mai Tarakta:
Wace kyauta? Fam dubu 20 na biya, wai kuɗin awo. Maƙwabcina dubu 50.

Injiniya a Jidda:
Kawu, abin da aka yi maka zalunci ne, kuma dole a raba takardar ƙididdiga da ta haraji. Amma ɓoyewar ma cutar mu take. Gwamnatin da ba ta san faddan nawa ƙananan manoma ke nomawa ba, manyan masu mashru'i, wato gonakin tarakta, kaɗai take gani, su take yi wa lissafin iri da man dizal. Arewacin Gadarif da kudancinta ba ruwa ɗaya suke samu ba, in babu ma'aunin ruwa a ƙauyuka da bayanin abin da kowa ya girba, iri ɗaya za a tura ko'ina. Dabbobin Sudan ma rabon da a ƙirga su gaba ɗaya tun 1975 zuwa 1976, sauran duk kiyasi ne.

Kawu Mai Riɗi:
Injiniya, da girmanka, yaushe rabonka da fartanya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya a Jidda:
A hawasha, wato gonar ban ruwa, na tashi a Jazira, Kawu, kuma kuɗin irin gidanmu daga nan nake turawa duk shekara.

Auta:
Su zo su yi wa gwiwar kakata rajista. In ta fara ciwo, kwana biyu ruwa ya sauka, ko caji ba ta nema!

Hajja ta Mai Wurno:
Kai Auta, Allah ya shirye ka.

Ɗan Gadarif:
Na gode duka. Amma faddan 15 ɗin fa, in wayar ta zana su za a ƙwace ne ko za su zama hujja gare mu?

Mai Tarakta:
Tunda an ambaci dabbobi, shanu sun shiga riɗina ana saura mako a yanka. Wanda ya san riɗi ya san ko girgiza shi aka yi ya zube.

Na Damazin:
To ina za su bi? Burtalin da muka sani muna yara duk an nome shi. Doka ta ce gonar damina ta bar kashi 10 cikin 100 na bishiya, ku nuna min babbar gona ɗaya da ta bar ɗakwara tsaye. An tumɓuke, iska na kwashe ƙasa, makiyayi ya rasa inuwa da hanya. In awo za su yi, su fara da burtali.

Mai Tarakta:
Su fara da duk inda suka ga dama, ni dai wa zai biya ni riɗina?