Taimakon gyaran ƙasa: wanda ya samu ya faɗa mana abin da ya gani

Ɗan Jibiya: Salamu alaikum. Ana ta zancen ACReSAL, shirin gyaran ƙasa na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. An ce mu kafa ƙungiya. Kafin in sa hannu ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa samun irin wannan taimako.

Baba na Agye: Wa'alaikumus salam, ɗana. Mu nan ƙasar Maraɗi ba a ba mu ko tsinke ba, dabara aka koya mana, sassaben zamani. Wani masanin noma, Tony Rinaudo, ne ya faro shi wajen 1983. Da can in za mu yi sharar gona, sai mu sare duk tohon da ya fito a kututture, mu cinna wuta. Aka ce a'a, ku zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku ku bari, ku sassabe sauran. Mutane har dariya suka yi, wai gona mai itace gonar rago ce. Yau kalgo da sabara sun tare mini iska, rairayi ya daina binne shuka, uwargida ta huta da tafiyar itace. Gawo kuwa ba a magana: da damina ya zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani 'ya'yansa su ciyar da awaki. Zangarniyar gindinsa daban take.

Manomin Illela, jihar Tawa: Mu tassa ce ta cece mu, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama. Filinmu fako ne, ko ciyawa ba ta fitowa. Tun da rani kake haƙa ramukan, ka tara ƙasar ta gefen gangare, ka zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Amma fa aikin na cin baya, kada wani ya ruɗe ka.

Hajiya daga Gumel: Mu dashen itatuwa aka kawo mana, damina ta riga ta yi nisa, babu wayar shinge, babu rijiya kusa. Aka ɗauki hoto aka tafi. Kafin hunturu awaki sun gama da su.

Makiyayi, Dakwaro: Hajiya, awakin ma yunwa ce. An haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a makiyayarmu, an watsa irin ciyawa, ta fito kuwa sosai. Sai aka hana kiwo a wurin ba tare da an zauna da mu ba, ga burtali gonaki sun cinye. Sai da kwamitin filaye ya kafa duwatsun iyaka rigima ta lafa.

Baba na Agye: Ɗana, ka shiga. Amma ka tambaye su wa ke da ikon itacen in ya girma, kuma a sa arɗo cikin kwamitin tun ranar farko.

Ɗan Jibiya: Na gode, Baba. Malam na Illela, tazara nawa ake bari tsakanin ramukan?