Wace sensa ta dace da tankin ruwa na sama da tankin gas (man dizal)?

Sani Mai Waya:
Assalamu alaikum. Injiniyoyi, ina neman shawara. Akwai baƙin tankin roba mai lita 5,000 a kan hasumiya, tsayinsa kusan mita 2, faɗinsa mita 1.8, ana cika shi daga rijiyar burtsatse da sumo. Ana so a riƙa ganin yawan ruwan a waya ta hanyar ESP32 (ƙaramin allon kwamfuta mai haɗuwa da intanet), kuma sumo ya tsaya da kansa idan tanki ya cika. Sai kuma tankin gas na janareta, na ƙarfe, a kwance yake. Shin HC-SR04, sensar da ke auna nisa da sauti, za ta yi wa duka biyun, tunda ita ce mai araha?

Injiniya Bature:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. HC-SR04 ba ta cikin tanki ba ce. Fuskarta a buɗe take, kuma ƙarƙashin murfi kullum akwai danshi. Da dare ya yi sanyi sai raɓa ta taru a kanta, tsatsa ta biyo baya. Idan dai mai aiki da sauti kake so, ɗauki JSN-SR04T, wadda kanta a rufe yake. Amma ka san halinta tun kafin ka huda murfi.

Ba ta ganin abin da ya matso kusa da ita ƙasa da santimita 20 zuwa 25. Idan ruwa ya shiga wannan tazara, sai ta fara ba da lambobin banza, wani lokaci ma ta nuna tanki babu komai alhali ya cika maƙil. Don haka bakin bututun ambaliya ya kasance aƙalla santimita 30 ƙasa da fuskarta. Ka kafa ta tana kallon ƙasa sak, nesa da bango da kuma inda ruwa ke zubowa, domin ruwan da ke tsalle yana warwatsa amsa-kuwwar.

Abin da aka fi mantawa shi ne zafi. Sensar lokacin da sauti ke ɗauka ya je ya dawo take aunawa, kai ne kake mayar da shi nisa da gudun sauti. Gudun nan mita 343 ne a daƙiƙa idan iska tana digiri 20, amma a digiri 45 ya kai kusan 358, kuma baƙin tanki a ranar watan Afrilu yana iya kai haka. Idan ruwa ya yi ƙasa, nisan mita 2 zai fito da gibin kusan santimita 8. A tankinka kowace santimita kusan lita 25 ce, wato za ta ƙara maka lita 200 da babu su. Maganin: sa sensar zafi ta DS18B20 a ƙarƙashin murfi, ka lissafa gudun da 331.3 a haɗa da 0.606 sau digirin zafi. Sannan ka ɗauki awo bakwai, ka jera su, ka riƙe na tsakiya. Ƙafar sensar mai suna Echo kuma 5V take fitarwa idan da 5V ka ba ta wuta, ESP32 kuwa 3.3V take ɗauka; raba wutar da resisto 1k da 2k.

Hajara Kano:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai ni a tankin da ke cikin rana na fi yarda da sensar matsi, wadda ake zurawa har ƙasan ruwa. Ba ruwanta da raɓa, ba ruwanta da zafin iskar sama. Nauyin ruwan da ke kanta kawai take ji, matsin kusan kilofaskal (kPa) 9.8 a kowace mita. Ta fi tsada, amma ta fi kwanciyar hankali.

Nemi mai awon mita 0 zuwa 3, mai fitar da 4–20 mA, ba mai mita 10 ba, don kada ka yi asarar ƙananan bambance-bambance. Ka ba ta wutar 24V, ka sa resisto mai ohm 150 a layin dawowa: tanki babu ruwa za ka ga 0.6V, ruwan mita 2 kuma kusan 2.2V. Karanta da ADS1115, ƙaramin allon da ke mayar da ƙarfin wuta lambobi, domin ma'aunin cikin ESP32 ba ya tafiya daidai a bakin farko da na ƙarshe. Daɗin 4–20 mA shi ne idan ka ga sifili ka san waya ce ta katse, ba ruwa ne ya ƙare ba, kuma doguwar waya daga hasumiya ba ta ɓata awon.

A cikin wayarta akwai siririn tiyo na shan iska. Kada a lanƙwasa shi, kada a toshe shi da salatif, kada ruwan sama ya shiga bakinsa, in ba haka ba awon zai riƙa yawo. Ka rataye ta santimita 5 sama da ƙasan tanki saboda lakar burtsatse.

Tsayar da sumo kuwa, kada ka ɗora shi a kan ESP32 kaɗai. Sa fulot mai makunni (abin da ke tasowa a kan ruwa), ya riƙa sarrafa kwantakta (babban makunni mai aiki da lantarki), kwantakta ta kunna sumo. Ko intanet ya ɗauke, ko allon ya maƙale, ruwa ba zai malala ba.

Malam Isa Mai Janareta:
Kan tankin gas, abu biyu. Gas ya fi ruwa rashin nauyi, lita ɗaya kusan kilo 0.84 ce, don haka sensar matsi da aka saita da ruwa za ta ga mita ɗaya ta ce santimita 84. Raba awon da 0.84. Ka kuma tabbatar wayarta da robobinta na jure mai ne, domin na ruwa sukan kumbura su fashe. Sandunan ƙarfe masu gane ruwa ta hanyar wuta ba sa aiki a nan, gas ba ya ɗaukar lantarki.

Na biyu, tanki a kwance ba a lissafa shi kamar na tsaye. Rabin tsayi rabin mai ne, amma rubu'in tsayi bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Hanya mafi tabbas: a zuba da jarka mai lita 25, a rubuta awon bayan kowace jarka huɗu, a sa jadawalin cikin shirin. In ko fetur ne wata rana, duk waɗannan ƙananan alluna a nisanta su daga tankin. Tururinsa tartsatsi ɗaya yake jira, sai sensar da aka ƙera musamman don wurin da ke iya kama wuta.

Sani Mai Waya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Za a fara da fulot da kwantakta, sai sensar matsi mai mita 3 a tankin ruwa. Malam Isa, tsayin tankin gas ɗin mita 1.2 ne kacal. Mai awon mita 2 zan nema masa?

Malam Isa Mai Janareta:
E, ta yi. Cike da gas za ta ji kamar ruwan mita 1 ne, rabin awonta ke nan.