Motata MGB ta ƙi tashi, babu wuta a filogi

MaiTsohuwarMota: Salam 'yan uwa, MGB ce 'yar 1972, kik na juyawa lafiya, mai na zuwa amma ta ƙi tashi, na zare filogi na jingina a jikin inji ko ƙyas babu. Don Allah ta ina zan fara?

OgaRewaya: Wa alaikumus salam. Buɗe murfin distiributa ka duba kontak, in bakinsa ya ƙone goge shi da samfefa, gibin ya zama inci 0.015, in kuma yana tartsatsi da yawa to kondansa, mai rage tartsatsin kontak, ita ce ta mutu.

Dattijo: Kafin nan ɗana, murɗa makulli ka gwada ko wuta na shiga koyil, mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi.

MaiTsohuwarMota: Baba Allah ya saka da alheri, wallahi bakin wayar koyil ne ya yi tsatsa, ina kankarewa ta tashi bugu ɗaya!