Taƙaitawa: Shawarwarin Masu Son Labaran Ban Tsoro a Jos

Ga abin da na tsamo daga tattaunawar da aka yi kan yadda ake sa tsoro a fim, wasan rediyo, rubutu da wasan kwamfuta, ba ƙari.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sauti ya fi dodo tsoratarwa. A fim ko wasan rediyo, a bar shiru na daƙiƙa uku zuwa biyar kafin ƙarar ƙofa. In kiɗa ya riga ya tashi, mai kallo ya gane abin da ke tafe.

2. Jinin bogi: zuma cokali huɗu, jar kalar abinci cokali ɗaya, garin koko kaɗan. In babu koko, a kyamara sai ya fito kamar zoɓo. A haɗa dab da ɗauka, don yana jawo ƙuda.

3. Tsoffin kududdufan haƙar kuza na wajen Bukuru suna kyau da hazon hunturu, amma suna da zurfi, gefensu kuma yana zaftarewa. Kada a sa ɗan wasa ya shiga. Janareta kuwa a kai shi nesa, ƙugin sa yana ɓata sauti.

4. Nan ra'ayi ya rabu. Marubuta sun ce kada a siffanta aljani, a bar mai karatu da zuciyarsa. Masu wasan kwamfuta suka ce su kam sai ya faɗo musu ba zato.