Yaya ɗan majalisar jiha yake daɗewa a kan kujera, kuma me ke kayar da shi?

Ɗan Zangon Agege:
Assalamu alaikum. Mudashiru Obasa, mai wakiltar mazaɓar Agege ta ɗaya, ya fara da kansila a 1999, ya shiga majalisar dokokin Legas, kuma ya zama kakaki a Yunin 2015. Gwamnoni sun zo sun tafi, shi yana nan. Shin doka ba ta iyakance wa ɗan majalisa zango ba ne? In mutanen mazaɓa sun gaji da nasu, wace hanya za su bi?

Lauya Mai Sashe:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Iyakar zango biyu ta gwamna ce, sashe na 182 na tsarin mulkin 1999. Ɗan majalisa ba shi da ita. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne daga ranar zaman farko, ya sake tsayawa sau nawa ya ga dama. Sharuɗɗan suna sashe na 106: ɗan Najeriya, shekara 25 (da 30 ce, aka rage a 2018), karatu zuwa matakin sakandare, da jam'iyyar da ta tsayar da shi.

Rasa kujera kafin wa'adi kuwa sashe na 109 ya yi magana. Wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba da uzuri ba, kujerarsa ta tafi, majalisa kuma dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Haka wanda ya sauya sheƙa, sai dai in jam'iyyarsa ta rabe ko ta haɗe da wata. A nan da yawa ke faɗawa rami: Kotun Ƙoli ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa ba, sai rabuwar ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa. Matsalar ita ce kakaki ne ke ayyana kujera a matsayin wadda ba kowa, to in su biyun suna tafiya ɗaya, maganar sai kotu.

Hajiya Uwar Mazaɓa:
Malam Lauya ya faɗi doka, amma inda ake kayar da tsohon ɗan majalisa shi ne zaɓen fidda gwani. A zaɓen 2023 hanya uku ce: ƙato bayan ƙato, daliget, ko maslaha. Wanda ya daɗe ya san shugaban jam'iyya na kowace gunduma, ya san shugabar mata da shugaban matasa, kuma yana da hannu a lokacin da ake zaɓen su. Sabon ɗan takara yakan ɓata ƙarfinsa a fosta da rediyo, ya zo ranar fidda gwani ya tarar an gama rubuta sunayen daliget tun watanni.

Abu biyu ke karya wannan. Na farko karɓa-karɓa: in mazaɓa ta haɗa ƙananan hukumomi biyu ko yankuna biyu, ɗaya ɓangaren zai ce lokacinsu ya yi, kuma aikin da ka yi ba ya kashe wannan maganar. Na biyu saɓani da gwamna, domin a yawancin jihohi shi ke riƙe da jam'iyya.

Tsohon Ma'aikacin Zaure:
Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara da cikin zaure. Ƙa'idojin majalisu suna fifita wanda ya taɓa yin zango wajen rabon muƙamai, shi ya sa kakaki, shugaban masu rinjaye da shugaban kwamitin kasafi galibi tsofaffin hannu ne. Kwamitin kasafi shi ne wurin: can kwamishinoni ke zuwa kare kuɗin ma'aikatunsu, can ake saka titi ko asibitin mazaɓa. Sabon shiga yakan cinye shekara biyu yana koyon yadda ake gabatar da ƙudiri, wanda ya daɗe kuwa ya san babban sakataren da zai kira a saki kuɗin aiki.

Tsige kakaki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, sashe na 92. A Legas mai kujera 40, mutum 27 ke nan. Sun tsige Obasa ranar 13 ga Janairun 2025 yana ƙasar waje, suka zaɓi Mojisola Meranda, amma ranar 3 ga Maris ta sauka ya dawo. Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, dole zaman ya kasance an kira shi bisa ƙa'ida, kuma ko an tsige mutum daga kakaki kujerar mazaɓarsa tana nan.

Lauya Mai Sashe:
Ɗan Zangon Agege, sauran tambayarka ta biyu, kiranye, sashe na 110. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba. INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Wajen tantancewa ake faɗuwa, domin sai masu sa hannun sun fito rumfunansu da katinsu. Haka yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye ya mutu a Kogi a 2018. Masu son canji a mazaɓarsu su yanki katin jam'iyya, su halarci zaɓen shugabannin gunduma, can ake fara rabon tikiti.