"Ba girin-girin ba, ta yi mai": ta hau kan bindigar tsaron gida?

Baƙon Houston:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Karin maganar da na kawo yau ita ce "Ba girin-girin ba, ta yi mai." Ina roƙon masana su warware min ita, su kuma duba ko wanda ya jefa min ita ya ajiye ta a muhallinta.

Ina zaune a Houston ta jihar Texas, aikin dare nake yi, uwargida da yara ke kwana su kaɗai. Da aka fasa wani gida a layinmu, muka yanke shawarar ajiye bindigar farauta, irin mai watsa ƙwayoyin darma, tunda doka a nan ta yarje mana. Mai shago ya nuna min geji 12 (geji shi ne awon faɗin bakin bindiga) da harsashi mai tsawon inci 3, ya ce babu kamarta. A filin koyon harbi uwargida ta harba ta, bindigar ta shure ta a kafaɗa har wurin ya tashi, ta ce ita da wannan abu har abada. Wani dattijo ɗan Damagaram da muke salla tare ya ji labarin, abin da ya ce min ke nan: ba girin-girin ba, ta yi mai, ka nemi mai sauƙin shuri.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Girin-girin shi ne ruguntsumi da kai-kawo da cika wuri da ƙara. Mai kuwa shi ne abin da aka fito nema. Ana faɗarta ga mutumin da ya cika gari da shelar abin da zai yi, ko ga aikin da aka tara wa jama'a da kiɗa, a tuna masa cewa ranar lissafi sakamako za a tambaya. Amma ni a sanina mutum ake yi wa ita, ko wani yunƙuri na mutum. Ban saba jin an yi wa kayan aiki ita ba. Ƙarfe ba ya fariya. Da ni ne dattijon nan, "Daidai ruwa daidai tsaki" zan ce, domin matsalarka ta awo ce: bindiga ta fi ƙarfin kafaɗar mai riƙe ta.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. A gidanmu a Kano ƙuli-ƙuli ake yi, a bakin kakata na fara jin maganar nan, kuma turmi da tunkuza take yi wa ita. A yi ta murza ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, gida ya cika da ƙara, in gyaɗar ba ta da kyau a tashi da ɗan abin da bai cika kwalba ba. To ka ga tun asali ba mutum kaɗai ake yi wa ita ba.

Kuma fariyar tana nan, Malam, a bakin mai shago take, da kuma zuciyar maigidan da ke son a ce ya sayi babba. Yaya Baƙo, kai kana wurin aiki da dare. Wadda za ta riƙe bindigar ita ce ta ce ba ta iyawa. Maganarta ya kamata ta zama ma'auni.

Tsohon Maharbi:
'Ya'yana, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bindigar da ba ta shuri ba a ƙera ta ba tukuna. Mu da adaka muka tashi, kai ne ke auna albarushi da hannunka, in ka cika shi ta zaunar da kai. Abin da manyanmu suka koya mana shi ne ka manne gindinta da kafaɗa sosai, kada ka bar ko ɗan tazara, ka sa kumatu a jikin katakon, ka ɗan karkata gaba. Mai tsoro ne ke nesanta ta da jikinsa, shi kuma ta fi duka. Kada a ɗora wa bindiga laifin rashin koyo.

Injiniya:
Baba Maharbi ya faɗi gaskiya a kan riƙo, amma akwai abin da riƙo ba ya gyarawa. Abu uku ke haɗa shuri: nauyin darmar da ta fita, gudun da ta fita da shi, da nauyin ita kanta bindigar. Biyun farko in sun ƙaru shuri ya ƙaru. Na ukun in ya ƙaru shuri ya ragu, domin bindiga mai nauyi tana shanye wani kaso kafin ya iso kafaɗa.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Geji 20 ta fi geji 12 ƙanƙantar baki, faɗin bututunta wajen milimita 15.6 ne, na geji 12 kuwa wajen 18.5 (a lissafin geji, lamba in ta hau baki ƙanƙancewa yake). Sai a ce to a saya wa mace geji 20. Amma yawancin geji 20 an yi su ne marasa nauyi, wasu ba su kai kilo 3 ba, alhali geji 12 ta kan haura kilo 3. Sai ka tarar ƙaramar tana duka kusan daidai da babbar.

Harsashin da aka ba ka, Malam Baƙo, shi ne babban mai laifi. Na inci 3 mai manyan ƙwayoyi, wanda suke kira 00, ƙwaya 15 yake ɗauka. Na yau da kullum mai inci 2¾ ƙwaya 9 ne, yana fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. Akwai kuma wanda aka yi musamman don rage shuri, ƙwaya 8 ko 9, gudunsa wajen mita 350. A tsakanin ɗaki da falo wannan ragin gudun ba ya rage wa harsashin amfani, amma kafaɗa tana jin bambancin nan take. Bayan haka a duba tsawon gindin: yawanci inci 14 ne daga kunama zuwa ƙarshensa, an auna shi da dogon namiji. Mai gajeren hannu in ta riƙe irin wannan dole ta gantsare baya, shurin ya same ta a mummunan tsayi. A rage shi zuwa inci 12 ko 13, a sa robar kafaɗa mai laushi. Masu ɗura kansu da iskar harbi, irin Remington 1100 da ta fito a 1963, su ma sun fi taushi, don suna raba shurin maimakon ya zo gaba ɗaya, sai dai wasunsu kan ƙi ɗura harsashi mara ƙarfi, dole a gwada.

Saboda haka ni ina bayan dattijon Damagaram. Harsashin inci 3 shi ne girin-girin.

Tsohon Maharbi:
Injiniya, na karɓi maganar tsawon gindi. Mu ma maƙeri kan tambayi mai bindiga ya miƙa hannu kafin a sassaƙa katako. Amma rariyata tana nan.

Barista:
Kafin wani da ke karanta mu daga Gusau ko Funtua ya ɗauki wannan shawara ya nufi kasuwa, a bambance ƙasa da ƙasa. Malam Baƙo yana Amurka. Can ma ba sakaka ba ne: mai shago sai ya bincika tarihin mai saye, mai zama da biza ta ɗan lokaci gaba ɗaya an hana shi sai da wasu togaciya, kuma tun dokar 1934 bututun irin wannan bindiga in ya gaza inci 18 ya shiga wani babi mai tsanani. Kada wanda ya ji an ce a rage gindi ya ɗauko zarto ya nufi bututu.

A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Masu ɗurin baki, irin adakar Baba, lasisinsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, Sufeto Janar ke ba da nata. Sauran an haramta su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma dokar ta cire mai ɗura kanta da duk mai wata na'urar sake ɗuri daga jerin na farauta. Ke nan wadda Injiniya ya yaba da taushi ba ta halatta ga mutumin gida ba, haka ma wadda ake kira fam-akshan, mai sake ɗuri da ja-da-tura na hannu, irin guda 661 da kwastan suka kama a Legas a Janairun 2017.

Na san abin da ya kai mutanenmu ga wannan tunani, ba na kuma raina shi. Aminu Bello Masari yana gwamnan Katsina ya ce wa jama'a su kare kansu a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Talakan da ke kwana da fargaba shi aka bari a tsakiya. Duk da haka, in aka kama ka da ita ba lasisi, jawabin gwamna ba zai tsaya maka a gaban alƙali ba.

Almajirin Malam:
Ni tambayata ga zauren ɗaya ce. Mun yi ta maganar girin-girin, ba wanda ya faɗi mene ne man. In aka ce bindiga "ta yi mai", me ta yi? Ta zubar da jinin ɗan Adam ke nan? Wannan ne ya sa jikina bai ba ni a yi mata wannan karin magana ba. Da ita ake yi wa ɗalibi fatan cin jarrabawa, ake yi wa manomi fatan cika rumbu.

Ba ina cewa kare gida laifi ba ne. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Amma a littattafan nan guda biyu aka hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa, aka kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Addinin da ya ba da izini shi ne ya fi kowa tsoron kuskuren hannu.

Uwar Biyu:
Malam, tambayarka ta yi, kuma ni ina da amsa. Man shi ne gari ya waye yara suna nan, uwarsu tana nan, ba a harbi maƙwabci ba, ba a harbi maigidan da ya dawo da asuba ba. In aka fassara ta haka, karin maganar ta fi hawa fiye da yadda dattijon ma ya nufa. Kuma akwai abin da ke damuna: alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna cewa daga 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Gidan da ke da yara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Malamin Hausa:
Hajiya, na ji hujjar turmi, ta yi ƙarfi. Amma ki lura, da kika tashi kare karin maganar sai da kika sauya abin da "ta" ke nufi. A bakin dattijon bindiga ce za ta yi mai. A bakinki dabarar gidan gaba ɗaya ce. A kan na biyun ba ni da ja. A kan na farkon ina nan a "daidai ruwa daidai tsaki".

Tsohon Kurtu:
Ranku ya daɗe, ni ban iya nahawu ba, amma na ga abin da dare ke yi wa mai bindiga. Mutane na zaton wannan irin ba ta buƙatar saiti, wai ka nuna ƙofa kawai ka danna. A tazarar mita 4 ko 5 ƙwayoyin ba su gama buɗewa ba, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, ana kuskure da ita sarai. Wanda ke tsoron shuri kuwa runtse ido yake yi kafin ya ja kunama, bakin bindiga ya sunkuya. Abin da ya kuskure kuma ba ɓacewa yake ba. Gidajen Amurka yawanci katako ne da allon farar ƙasa, manyan ƙwayoyin nan suna huda bango fiye da ɗaya. Sai ka san ɗakin da yara suke kafin ka san inda za a tsaya.

Malam Baƙo, kada ka yi cinikin biri a sama. Filayen harbi da yawa a can suna ba da hayar bindiga. Ka kai uwargida wurin mai koyarwa, in da hali mace, a fara ta da harsashin tsuntsaye mara ƙarfi, da abin toshe kunne, ta gwada geji 12 mai nauyi da geji 20, ita ta zaɓa. In ta gwada ta ce har yanzu ba ta so, kada ka matsa. Kuɗin ka sa su a ƙofa mai ƙarfi da makulli na kirki da fitilar waje da ƙararrawa, ku kuma ware ɗaki guda mai kullewa ta ciki inda za ta tara yara ta kira lambar gaggawa ta 911. Ko da bindigar ma, wannan ɗakin ne wurinta. Ba a bin ɓarawo lungu-lungu cikin duhu, kuma ba a harbin abin da ba a haska an gane ba.

Uwar Biyu:
Baba Kurtu, to ajiya fa? In an kulle ta ba za a same ta da wuri ba, in an bar ta a fili yara na nan.

Tsohon Kurtu:
A kulle ta, 'yata. Akwai akwatin ƙarfe da maƙalin bango masu buɗewa da lambobi, ba sai an nemi ɗan makulli cikin duhu ba, a kafa shi a ɗakin da za a taru. Ta riƙa gwada buɗe shi da bindigar babu harsashi har hannunta ya saba, yara kuma kada su ga lambar. A Texas ma laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai iya kaiwa gare ta. Barista zai fi ni bayanin hukuncin.